Yadda Ake Biyan Kuɗin Hidima a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Jagora ga Matafiya daga Arewacin Kamaru da Chadi

Manyan jiragen ruwan shaƙatawa, waɗanda ke ɗaukar dubban mutane su yi mako guda ko fiye suna zagaya garuruwan bakin teku, wurare ne da ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikinsu. Ranar shiga ake buɗe wa kowane matafiyi asusu a ba shi kati mai ɗauke da sunansa, kuma katin nan shi ne makullin ɗakinsa, shi ne shaidarsa idan zai sauka ko zai dawo a kowace tasha, shi ne kuma abin da zai miƙa duk lokacin da ya sayi wani abu. Kamfanin Royal Caribbean yana kiran nasa SeaPass, Carnival yana kiran nasa Sail & Sign, amma aikinsu ɗaya ne da na MSC ko Costa. Tsarin ya yi kama da littafin bashin mai kanti a unguwa: ka ɗauka a rubuta, ka sake ɗauka a sake rubutawa, sai ranar ƙarshe a haɗa lissafi. Abin da ya bambanta shi ne mai jirgi bai san ka ba, bai san gidanku ba, saboda haka ba zai buɗe maka shafi ba sai ka ajiye masa abin da zai riƙe.

Ga mutumin da ya taso daga Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusiri ko Njamena, tsadar kaya a jirgi ba ita ce babbar matsala ba, domin farashi a rubuce yake kuma mai hankali zai iya kame hannunsa. Matsalar tana tsakanin jirgin da bankinsa na gida, kuma galibinta a gida ake warware ta tun kafin a ɗaure kaya.

Mataki na farko: sanin kuɗin da jirgin ke lissafi da shi

Kowane jirgi yana da kuɗi guda ɗaya da yake rubuta farashi da shi, kuma wannan bai dogara da ƙasar da ya tsaya a ranar ba. Jiragen MSC da Costa da ke yawo a Bahar Rum, masu tashi daga Marsai, Barsalona ko Jenowa, da yuro suke lissafi. Jiragen Royal Caribbean kuwa da dalar Amurka suke yi ko da a Turai suke zagaye, haka ma jiragen MSC idan suna yankin Karebiyan ko suna tashi daga Durban a Afirka ta Kudu. Takardun tafiyar da aka aiko maka bayan sayen tikiti suna faɗin wannan, kuma ya kamata ka duba kafin ka je wurin canji.

A nan mu masu sefa muna da sauƙin da maƙwabtanmu masu naira ba su da shi, domin darajar sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Wanda ya hau jirgin da ke lissafi da yuro zai iya sanin tun yana gida cewa yuro 100 kusan sefa 65,600 ne, abin da zai ƙaru a kai kawai shi ne ladan banki ko na ɗan canji. Dalar Amurka ba haka take ba, tana motsi kullum, don haka wanda jirginsa ke lissafi da ita sai ya bar rata a cikin kasafinsa. Takardun sefa su kansu ba su da amfani a cikin jirgi. Tun 1993 babban bankinmu ya daina sayen takardun sefa da aka fitar wajen yankin, kuma da wuya ka sami gidan canji a tashoshin Turai da zai karɓe su. Haka nan Orange Money da MTN MoMo, ko Airtel Money da Moov Money a Chadi, ba sa biyan asusun jirgi, kuma katin da ke aiki kaɗai a GIMAC, tsarin biyan kuɗi na bankunan yankinmu, iyakarsa ƙasashen CEMAC, wato ƙasashen tsakiyar Afirka masu sefa. Abin da jirgi ya sani shi ne katin ƙasa da ƙasa irin Visa ko Mastercard, ko kuwa tsabar kuɗin da yake lissafi da shi.

Mataki na biyu: zama da banki kafin tafiya

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi rainawa, kuma shi ne ya fi jawo kunya a gaban teburin karɓar baƙi. Ƙasashen CEMAC shida suna ƙarƙashin dokar canjin kuɗi da aka amince da ita a Disamba 2018, ta fara aiki a Maris 2019, kuma babban bankinmu, BEAC, mai hedikwata a Yawunde ne ke sa ido a kanta. A ƙarƙashin ƙa'idojin da suka biyo bayanta, biya da cirar kuɗi da kati a wajen yankin ba tare da kawo takardun hujja ba iyakarsa sefa miliyan 5 ga mutum ɗaya a tafiya ɗaya, wato kimanin yuro 7,600, sayayya ta intanet kuwa iyakarta sefa miliyan ɗaya a wata, kimanin yuro 1,500. Miliyan 5 ya ishi yawancin matafiya a mako guda. Iyakar intanet ɗin ce ke kama mutane, domin tikitin iyali shi kaɗai yana iya wuce ta, balle a ɗora masa kuɗin intanet na jirgi da na yawon gari da ake so a biya tun daga gida. Idan haka ta kasance, sai a kai wa banki takardar farashin da kamfani ko ejan ɗin tafiye-tafiye ya bayar, ko a raba sayayyar a watanni biyu.

Ban da dokar yanki, kowane banki yana da tasa iyakar da ya ɗora wa kowane irin kati, ta yini ko ta mako, wadda ma'aikata ke kira plafon. Ka je da kanka wurin mai kula da asusunka kamar mako biyu kafin tafiya, da kwafin fasfo da biza da tikitin jirgin sama da takardar jirgin ruwan, ka nemi a buɗe katin ga ƙasashen waje na tsawon kwanakin tafiyar, a kuma ɗaga iyakar idan ta yi ƙasa. Ka tambayi nawa suke caja a kan kowane biya a waje, domin ɗaurin sefa da yuro bai hana banki karɓar ladansa ba. Ka kuma sanar da su cewa cajin zai iya fitowa da sunan wata ƙasa dabam da wadda kake ciki, tunda MSC hedikwatarsa a Janeba take, Costa a Jenowa, Royal Caribbean kuwa a Mayami. Na'urar banki mai farautar zamba tana iya toshe katin da ta ga an taɓa shi daga Amurka alhali mai shi ya ce Italiya zai je.

Akwai ƙananan abubuwa da ke rushe shiri babba. Katin da wa'adinsa zai ƙare a watan tafiya sai a sabunta shi tun da wuri. Lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta saƙon waya tana zuwa ne ga layinka na gida, wanda ba lalle ya yi aiki a tsakiyar teku ba, don haka duk sayayyar intanet da ke buƙatarta a gama ta kafin a tashi. Sannan al'adar nan ta aron katin yaya ko na kawu ba ta tafiya a nan: kamfanonin jirage suna son sunan da ke kan katin banki ya zama na wani daga cikin matafiyan. Abin da aka yarda da shi shi ne mai gida ya ɗaura asusun matarsa da na 'ya'yansa, har da na wani ɗakin, a kan katinsa guda, matuƙar yana cikin jirgin.

Mataki na uku: zaɓar abin da za a ajiye wa jirgi

Hanyoyi uku ne: katin bashi, katin da ke cirar kuɗi kai tsaye daga asusu, ko tsabar kuɗi. An gina tsarin jirage ne a kan katin bashi, irin wanda Turawa da Amurkawa suka saba da shi. Da ka yi rajistarsa, jirgin zai nemi bankinka ya riƙe masa wani adadi, wanda ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani amma yakan faɗa tsakanin 100 da 300 na yuro ko dalar Amurka. Wannan riƙo ba cira ba ne, alkawari ne kawai cewa kuɗin suna nan. Duk lokacin da sayayyarka ta haura abin da aka riƙe, sai a sake neman wani riƙon, wasu kamfanonin ma kowane dare suke yi. A katin bashi mutum ba ya jin nauyin wannan, domin ba kuɗin aljihunsa aka taɓa ba.

To amma katunan da ke hannun mafi yawanmu ba na bashi ba ne, ko da an buga musu tambarin Visa. Kuɗinka ne na gaske a asusu, kuma da yawa daga cikinmu da gangan suke guje wa katin bashi saboda kuɗin ruwa. A irin wannan kati, riƙo yana nufin an kulle kuɗinka ba za ka iya taɓa su ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne ranar ƙarshe jirgin yakan ciri jimlar lissafin a matsayin sabon caji, alhali riƙon da aka yi a baya bai saku ba tukuna, kuma sakinsa ba a hannun jirgin yake ba, a hannun bankinka yake. Yana iya ɗaukar 'yan kwanaki, yana iya kaiwa wata guda. A ɗauki misalin wanda ya kashe yuro 400 a mako. An riƙe masa kusan 400 a hankali, an kuma ciri 400 ranar sauka, ke nan yuro 800 sun fita daga hannunsa, sama da sefa 520,000, na ɗan lokaci. Idan abin da ya zuba a asusun bai wuce haka ba, zai isa otal a Marsai ko kantin filin jirgin sama katinsa ya ƙi aiki, alhali a lissafinsa yana da saura. Wanda ya nace sai da irin wannan kati zai biya, to ya zuba ninki biyu na abin da yake shirin kashewa, kuma kada ya zama katin da iyali ke cin abinci da shi a gida. Katunan da ake loda wa kuɗi tukuna, waɗanda bankunanmu ke sayarwa a gishe, sun fi kowanne rashin tabbas, domin wasu kamfanonin ba sa karɓarsu sam.

Saboda haka a ganina, ga wanda ba shi da katin bashi, ajiye tsabar kuɗi ya fi kwanciyar hankali. Za ka je teburin karɓar baƙi, ko na'urar da aka tanada don haka a wasu jiragen, ka zuba adadin da kamfani ya ƙayyade a matsayin mafi ƙanƙanta ko fiye da shi, a ba ka rasit. Daga nan duk abin da ka saya ana rage shi daga ajiyar, idan ta kusa ƙarewa a sanar da kai ka ƙara, idan ta ƙare katin ya daina saye har sai ka ƙara. Babu riƙo, babu ladan banki a kan kowane caji, kuma ba za ka iya kashe abin da ba ka ajiye ba. Katin bankinka ya zauna a matsayin madogara idan wata larura ta taso. Illarsa biyu ce: bin layi, da ɗawainiyar tafiya da kuɗi a jiki.

Wanda ya zaɓi wannan hanya ya sayi yuro ko dalar a banki ko gidan canji mai lasisi, ya kuma adana takardar shaidar saye. Na san da yawa sun fi sabawa da ɗan canjin kasuwa, wanda sau da yawa ya fi sauri, amma ba ya ba da takardar da jami'in duwan zai yarda da ita, kuma takardar kuɗi jabu ɗaya a teburin jirgi ta isa ta ɓata tafiya. Dokar CEMAC ta wajabta bayyana wa duwan duk abin da ya haura darajar sefa miliyan 5 yayin fita ko shigowa, Tarayyar Turai kuma tana buƙatar a bayyana yuro 10,000 ko fiye. A nemi takardun 50 da 20 da 10, da 'yan biyar-biyar domin ƙananan buƙatu. Takardar yuro 500 an daina fitar da sabbinta tun 2019, kuma ko da yake har yanzu halattacciya ce, wurare da yawa suna ƙin karɓarta. Kuɗin da ba a zuba a asusu ba a kulle su a ɗan akwatin ƙarfen da ke cikin ɗaki.

Mataki na huɗu: lissafa abin da tikiti bai ƙunsa ba

Tikiti yakan ƙunshi ɗaki, abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗebi-da-kanka, wasannin dare da wuraren iyo. Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne ladan hidima na kullum, wanda ake rubutawa a asusun kowane mutum kowane dare ko ya sayi wani abu ko bai saya ba, domin a raba wa masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci. A jiragen Bahar Rum masu lissafi da yuro yakan kai kimanin yuro 12 ga babba a kowane dare, rabin haka ga yaro, a manyan jiragen Amurka kuwa yana tsakanin dala 16 da 20 ga kowane mutum. Mata da miji da yara biyu a tafiyar dare bakwai, a kan yuro 12 da 6, za su biya yuro 252, sama da sefa 165,000, kafin su sha ko da lemo ɗaya. Wani lokaci an riga an haɗa wannan a cikin tikiti, gwargwadon ƙasar da aka saye shi, don haka tambayar farko da za a yi wa ejan ita ce ko an haɗa ko ba a haɗa ba, kuma ya nuna amsar a rubuce. Wasu kamfanonin suna barin mutum ya rage shi a teburin karɓar baƙi. Ban ga kyawun yin hakan don neman sauƙi kawai ba, domin ma'aikatan nan suna barin iyalansu watanni da yawa kuma wannan kuɗin wani ɓangare ne na abin da suke komawa da shi gida.

Bayan wannan sai abin sha. Ruwa, shayi da kofi na na'ura kyauta ne a wurin ɗebi-da-kanka, amma lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kofi na musamman da ruwan gora duk na kuɗi ne, kuma a wasu jiragen Turai ruwan da za a kawo maka a teburin abincin dare ma na gora ne. A kan kowane abin sha ana ɗora ladan hidima na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ta yadda abin da aka rubuta yuro 4 zai fito 4.60, kimanin sefa 3,000. Tunda an riga an ɗora, layin da ke ƙasan rasit na ƙarin tukuici ba dole ba ne a cike shi. Ana sayar da ƙunshin abin sha na dukan tafiya, har da wanda babu giya a cikinsa, amma kafin a saya a raba farashinsa da kwanakin tafiya a ga kofi nawa mutum zai sha a yini kafin ya ci riba, a tuna kuma cewa yawancin ranaku a gari za a yini. A lura sosai da ejan da zai haɗa maka tikiti mai ƙunshin giya a ciki da sunan rangwame, ka biya abin da ba za ka taɓa ba. Wasu kamfanonin kuma suna wajabta wa duk manyan da ke ɗaki ɗaya su sayi ƙunshi idan ɗayansu ya saya.

Intanet na jirgi ta tauraron ɗan'adam yake zuwa kuma sayensa ake yi, galibi da lissafin na'ura ɗaya, kuma ya fi araha idan an saya tun kafin tafiya. Wani kuɗin kuma ba ya bi ta asusun jirgi ko kaɗan amma yana cinye mutum: idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya tana kama layin teku mai tsananin tsada, cajin kuma ya faɗa kan layinka na gida. Maganinsa shi ne a sa waya a yanayin jirgin sama da zarar an tashi, a kunna Wi-Fi kaɗai. Manhajar jirgin, wadda ake duba lissafi da ita, tana aiki a kan Wi-Fi na jirgin ba tare da an sayi intanet ba.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani: gidajen abinci na musamman, wanki, aski, tausa, hotunan da masu ɗaukar hoto na jirgi ke yi, kayan cikin ƙaramin firjin ɗaki, da motar da ke kai mutane daga tasha zuwa tsakiyar gari. Yawon gari da jirgi ke shiryawa shi ne yakan fi nauyi, musamman inda tasha ke nesa, kamar Cibitabekiya da ke da tazarar kimanin kilomita 80 daga birnin Rum. Akwai gidan caca a yawancin jiragen, kuma katin ɗaki yana aiki a can, abin da ya kamata mai tafiya da samari ya sani. Jirgin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a Disamba 2024, ba shi da gidan caca kuma ba a sayar da giya a cikinsa. Haraji ma yana shigowa: a tafiyar da ta tashi daga Sifaniya kuma duk tashoshinta na Tarayyar Turai ne, ana iya ƙara kashi 10 a kan abin sha da abinci na kuɗi, da kashi 21 a kan kayan kanti.

Asibitin jirgi abu ne dabam da ya kamata a ware masa tunani. Ganin likita da magani duk na kuɗi ne, farashinsu na asibitin kuɗi ne, kuma a asusunka ake rubuta su nan take. Kai ne za ka biya, daga baya ka nemi kamfanin inshora ya mayar maka. Inshorar da ake nema wajen bizar Shengen ta shiga Turai dole ta iya biyan jinya har yuro 30,000, amma a tambaya ko ta shafi jinya a cikin jirgin ruwa da tashoshin da ke wajen Turai kamar Tunis. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganinsa da ya wuce kwanakin tafiya.

Mataki na biyar: ranar shiga da kwanakin da ke biye

Wasu kamfanonin suna karɓar bayanan katin banki ta intanet tun kafin tafiya, wasu a tasha, wasu kuma a na'urorin da ke cikin jirgi, inda jiragen Turai kan ba da kamar kwana biyu a kammala. Kada a jira wa'adin ya cika, amma kuma ba dole a shiga layin sa'o'in farko ba, lokacin da kowa ya taru. Bayan abincin dare ko da sassafe teburin yakan zama fayau, kuma a buɗe yake dare da rana. Idan aka tambaye ka ko kana so jirgin ya juya maka lissafin zuwa wani kuɗi dabam kafin ya caji katinka, ka ƙi, ka ce a caje ka da kuɗin jirgin, domin canjin da suke yi yana ɗauke da ƙarin lada, bankinka kuma zai sake juyawa zuwa sefa ya ɗauki nasa.

A wannan zaman ne ake daidaita katunan yara. Kowane yaro yana da nasa kati, kuma idan ba a ce komai ba yana iya sayen alawa, askirim da wasannin na'ura da shi har iyayensa su ga lissafin da ba su gane ba. Ka nemi a rufe saye a katinsu, ko a sa masa iyaka. Idan abokai ne ko abokan kasuwanci suka haɗa ɗaki, kowa ya buɗe asusunsa dabam tun farko, kada a bar lissafin mutum biyu ya cakuɗe a zo ana warwara a daren ƙarshe. Idan kuma kamfani ko ejan ya yi maka kyautar wani adadi na kashewa a jirgi, ka tabbatar ya bayyana a asusun, ka kuma fara cinye shi, domin irin wannan kyauta galibi ba a mayar da ragowarta.

Duba lissafi kowane dare, a manhaja ko a talabijin ɗin ɗaki, aikin minti biyu ne. Kurakuran da aka fi gani su ne caji biyu a kan abu ɗaya, lemon da aka rubuta wa mai ƙunshi, da sayayyar wani ɗaki da ta faɗo naka. Gyaransu yana da sauƙi washegari, lokacin da rasit ke hannu kuma ma'aikacin bai manta ba. Katin da ya ɓace a kai rahoto nan take a kashe shi a buga sabo, tunda yawancin wuraren saye ba sa tambayar lambar sirri.

A gari kuwa katin jirgi ba ya saye, sai kuɗin ƙasar: yuro a Faransa, Italiya, Sifaniya, Malta da Girka, lira a Turkiyya, dirhami a Dubai, riyal a Jidda, dinari a Tunisiya, wanda doka ta hana fita da shi daga ƙasar, don haka a canja kaɗan. Na'urar cirar kuɗi ta cikin jirgi tana da nata lada a kan na bankinka, gara ta wani banki a cikin gari.

Mataki na shida: rufe asusu da abin da ke biyo baya

A daren ƙarshe ko da asubahin ranar sauka ake fitar da cikakken lissafi. Wanda ya yi rajistar katin banki kuma bai ga kuskure ba, ba ya buƙatar zuwa ko'ina, za a cira da kansa. Wanda ya ajiye tsabar kuɗi dole ya je, ko ya cika gibi ko ya karɓi ragowarsa, kuma ya fi kyau ya je da la'asar ɗin ranar da ta gabaci sauka ya daidaita komai, ya bar abin da zai ishi ladan hidimar daren ƙarshe, ya tambayi lokacin da ake mayar da canji. Kada a sauka a bar ragowa da zaton za a aiko, domin wasu kamfanonin Amurka caki suke turawa ta gidan waya, kuma cakin dalar Amurka da aka aika Marwa ko Abeshe ba abin dogaro ba ne. Wanda bai biya ba kuwa, na'urar da ke bakin ƙofa za ta tsayar da shi a mayar da shi tebur, alhali jirgin samansa ba zai jira ba. Duk ƙorafi a yi shi kafin a taka ƙasa; bayan sauka sai wasiƙa da jira.

Kafin ka bar teburin, ka karɓi lissafin a takarda mai nuna cewa an biya. Idan da kati ka biya, ka roƙi su rubuta maka jerin riƙon da suka nema, da ranakunsu da adadinsu da lambobin amincewar banki. Da ka dawo gida, ka kai wa bankinka kwafin shafin fasfo mai tambarin shiga da fita tare da tikiti idan sun nema, domin rashin kawo hujjar tafiya yana iya sa a dakatar da katin daga aiki a waje. Ka ci gaba da duba asusun har tsawon wata guda, saboda cajin firjin ɗaki ko na sayayyar safiyar ƙarshe yakan iso a makare. Idan wata ya cika riƙo bai saku ba, ka kai waccan takardar mai lambobi wurin sashen katuna na bankinka, ka shigar da buƙatar a rubuce, ka karɓi kwafi mai tambarin ranar da aka karɓa.